Shafi, faci, manhaja ko WhatsApp: ta wace ƙofa makaho da kurma za su iso gare ka?

Bayan sallar layya wata Hajiya da ke jagorantar ƙungiyar mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a unguwar Zariya da ke nan Maraɗi ta aiko a kira ni. An ba su ɗan tallafi don su fara tallar kayansu a intanet, kuma cikin sharuɗɗan tallafin akwai cewa duk abin da za a gina sai ya zama naƙasassu ma za su iya amfani da shi. Mutum uku sun riga ni zuwa, kowa da tasa shawarar. Wani ya ce a yi manhaja ta waya, wani ya ce a yi shafi, na ukun ya ce akwai wani ɗan maɓalli da ake liƙa wa shafi, shi kaɗai zai gama komai. Ta ce mini: "Ɗana, ni kaina ya ɗaure. Cikinmu akwai mata biyu da ba sa gani, akwai kurma guda, kuma ita ce mai riƙe mana lissafi. Ba na son a yi abin da za su riƙa roƙon wani ya duba musu." Na ce: "Hajiya, ku ba ni kwana uku, zan jera muku su gefe da gefe."

Abin da na jera mata ne na faɗaɗa a nan, domin na san ba ita kaɗai ke cikin wannan ruɗani ba. Masu makarantu masu zaman kansu, masu kantin magani, ƙungiyoyin manoma na Tibiri da Madarunfa, da ƴan kasuwar da ke hulɗa da Jibiya da Katsina, duk tambayar ɗaya ce.

Ma'aunan da za mu auna da su

Na farko, kuma wanda ya fi sauran nauyi: wa zai iya shiga? Idan aka ce naƙasassu a dunƙule sai a ɗauka buƙatarsu ɗaya ce, alhali wani lokaci ma buƙatun karo suke yi da juna. Makaho yana aiki da waya ta hanyar mai karanta fuskar waya: TalkBack a wayoyin Android irin su Tecno da itel da Infinix da suka cika gari, VoiceOver a iPhone, NVDA a kwamfuta. Yana shafa yatsa dama, murya ta faɗa masa abin da ke gaba, ya buga sau biyu ya buɗe. Abin da ba a rubuta da haruffa ba, galibi muryar ba ta da abin dogaro da za ta faɗa a kansa. Kurma kuwa akasin haka ne, saƙon murya a wurinsa rufaffen ɗaki ne. Sai mai raunin gani, wanda shi ne ya fi yawa ko da yake ba ya kiran kansa naƙasasshe: tsohon da yanar ido ta fara rufe wa gani, ko wanda ya kai shekarun tabarau bai samu ba. Sai mai matsalar hannu. Duk wanda ya san asibitin Danja da ke kudu da gari, inda aka daɗe ana maganin kuturta, ya san akwai mutanenmu da yatsunsu suka gajarce ko suka daina ji. Haka wanda ɓarin jikinsa ya shanye, da mai rawar hannu. Ƙaramin maɓalli kamar ƙwayar gero ba nasu ba ne.

Na biyu kuɗi, kuma kashi biyu ne: na ranar farko da na kowace shekara. Na biyun shi ake mantawa, shi ne kuma yake kashe aiki idan tallafi ya ƙare.

Na uku ƙarko. Idan wanda ya gina ya koma Yamai ko ya canza lamba, abin zai ci gaba da aiki? Na huɗu sauƙi, ga mai saka labari kullum da kuma ga mai waya ƙarama, mega kaɗan, rezo yana zuwa yana ɗaukewa. Na biyar haɗari: me zai iya lalacewa, wa zai cutu.

Akwai mudu da duniya ta yarda da shi wajen awon nan, sunansa WCAG. Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ce ta fitar da shi, na farko a 1999, aka sabunta a 2008 da 2018, na yanzu mai lamba 2.2 ya fito a watan Oktoba na 2023. Matakai uku gare shi, A da AA da AAA, kuma na tsakiya ne ake nema a yawancin dokoki da yarjejeniyoyi. Ba sai kin haddace shi ba, Hajiya, haka na ce mata, amma ki riƙe sunan, domin shi za a rubuta a takardar aiki. Batun kuma ba alfarma ba ne. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, kuma sashe na 9 nata ya ambaci intanet da sunansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya suna rayuwa da wata naƙasa mai nauyi.

Hanya ta ɗaya: sabon shafi da aka gina daidai tun daga tushe

Wannan ita ce na fi daɗewa a kanta, domin yawancin abin da za a faɗa a nan ya shafi sauran.

Shafin da makaho zai iya bi ba wani shafi na daban ba ne mai tsada. Shafi ne da magininsa ya kira kowane abu da sunansa a cikin rubutun da ke ƙarƙashi: kanun magana an sa masa alamar kanu, maɓalli an gina shi a matsayin maɓalli, kowane gurbin cikewa yana da suna manne da shi. Da haka TalkBack zai iya tsallake daga kanu zuwa kanu kamar yadda mai ido yake zarce abin da bai dame shi ba. Kowane hoto mai ɗauke da ma'ana a rubuta masa bayani gajere: "kwalbar man gyaɗa lita ɗaya", ba "hoto 14" ba. Launin rubutu da na bango su rabu sosai, WCAG ta sa awon 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum. Wanda ya taɓa ƙoƙarin karanta rubutu mai ruwan toka a kan fari da rana tsaka a babbar kasuwa ya san wannan ba don masu ciwon ido kaɗai ba ne. Rubutu ya yarda a ninka girmansa sau biyu ba tare da ya hau kan juna ba. Bidiyo ya zo da rubutun abin da ake faɗa a ƙasansa. Kada a nuna kuskure da jan launi kawai, a faɗe shi da kalmomi.

Akwai abu guda da ya shafe mu musamman. A saman kowane shafi akwai ɓoyayyar alama da ke gaya wa na'ura harshen da aka yi rubutu da shi, na Hausa shi ne ha, na Faransanci fr. Magina da yawa suna barin alamar yadda suka same ta, sai murya ta karanta Faransanci da lafazin Ingilishi, ba a fahimtar ko kalma ɗaya. A wayoyin da na gwada tare da wani malami makaho abokina, muryar Faransanci ce ke karanta masa Hausa, tana karya ta, tana tuntuɓe a kan ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Ya saba, yana ganewa, amma da wahala. Saboda haka nake ba da shawara: a shafin Hausa, muhimman abubuwa kamar farashi da yadda ake oda a ɗauke su da muryar mutum, a ajiye ɗan maɓallin sauraro kusa da rubutun. Rubutun na nan don kurma, muryar na nan don makaho da kuma ɗimbin mutanenmu da ba su yi karatun boko ba. Yanzu da Hausa ta zama harshen ƙasa tun 2025, shafukan Hausa za su ƙaru, ya kamata mu fara da ƙafar dama.

Kuɗi: matsakaici a ranar farko. WordPress, kayan aikin da ake gina shafi da shi, kyauta ne, kuma cikin rigunansa na kyauta, wato shiryayyun salon fuskar shafi, akwai waɗanda aka tantance aka yi musu alamar sun dace da naƙasassu. Abin da ake biya shi ne ladan magini, sai kuɗin suna da na masaukin shafi kowace shekara. Idan an faɗa wa magini tun farko, ƙarin aikin kaɗan ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙarko: shi ya fi duka, shafi mara kwalliya da yawa yana iya shekaru ba a taɓa ƙashinsa ba. Sauƙi: ba a sauke komai, ba ya cin wuri a waya, yana buɗewa ko rezo ya yi rauni. Haɗarinsa yana wurin mai saka labari. An gina shafi lafiya, sai yaron ofis ya fara ɗora hoton sanarwa ko takardar da aka ɗauka da kyamara aka mayar PDF, shi ke nan ƙofa ta sake rufewa. Maganinsa horo na yini ɗaya da sa ido.

Haɗari na biyu shi ne magini ya ce ya iya alhali bai taɓa kunna TalkBack ba. Kada a ga laifinsa da yawa, ba a koyar da abin sosai ko a ƙasashen da suka ƙirƙiro shi. Cibiyar WebAIM ta Amurka tana duba shafukan farko na manyan shafuka miliyan ɗaya kowace shekara, kuma a shekarun nan kusan kashi 95 cikin 100 ake samu da kurakurai, wanda ya fi yawa shi ne rubutu mai dushi-dushi. Gwajin magini mai sauƙi ne: ka miƙa masa wayarka da TalkBack a kunne, ka ce ya nuna maka wani aikinsa na baya.

Hanya ta biyu: gyaran tsohon shafi

Idan kana da shafi tuni, kada ka yi saurin rushe shi. A fara dubawa da kayan awo na kyauta, Lighthouse da ke cikin Chrome ko WAVE. Suna kama abin da na'ura ke iya gani: hoto mara bayani, launi mara ƙarfi, gurbi mara suna. Ba sa iya sanin ko bayanin hoton yana da ma'ana, wannan sai mutum. Idan matsalolin irin waɗannan ne, gyaran kwanaki ne kuma ya fi sabon gini araha. Idan kuwa rigar shafin ce ruɓaɓɓiya, mai hotuna masu juyawa da kansu da jerin zaɓi da ba ya buɗuwa sai da linzamin kwamfuta, to kuɗin gyara zai iya wuce na sabo, kuma kullum za a riƙa toshe nan can ya ɓalle. A nan ba na ba da shawarar a biya kuɗin gyara a dunƙule. A biya na dubawa tukuna, a ga jerin, sannan a yanke.

Hanya ta uku: maɓallin faci

Shi ne wanda mutum na uku ya kawo wa Hajiya. Layi ɗaya ake liƙawa a shafi, sai wani ɗan da'ira mai hoton mutum ya fito a gefe. In ka taɓa shi sai ya ba ka zaɓin ƙara girman rubutu, canza launi, da makamantansu, wasu kuma suna cewa basirar na'ura za ta gyara sauran kurakuran da kanta. Na fahimci dalilin da ya sa yake jan hankali: minti biyar an gama, kuma akwai abin nuna wa masu tallafi.

Ni dai ba na ba kowa shawarar ya saye shi, kuma ga dalilaina. Abin da yake bayarwa, wayar mutum tana da shi tun daga kamfani. Mai raunin gani ya riga ya ƙara girman rubutu a saitin wayarsa, makaho ya riga ya kunna mai karanta masa. Ba sabon kayan aiki suke nema ba, so suke shafin ya yarda da wanda ke hannunsu. Facin ba ya taɓa tushe. Maɓallin da aka gina ba suna, na'ura sai dai ta yi hasashe, kuma hasashenta kan hoton ƙuli-ƙuli ko tukuɗi ko kilishi ba abin dogaro ba ne. Wani lokaci ma yana shiga tsakanin makaho da mai karanta masa, ya riƙa katse shi. Ga nauyi: ƙarin kaya ne da sai waya ta sauke daga wata ƙasa kafin shafi ya daidaita, a kan megan mai ziyara.

Kuɗinsa haya ce, ba saye ba. Masu cikakken aiki ɗaruruwan dalolin Amurka ne a shekara, ana biya da katin banki, ranar da aka daina biya komai ya koma yadda yake. Batun alkawarin da suke yi kuma ya kai gaban hukuma: a watan Janairu na 2025 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta sa kamfanin accessiBe biyan dalar Amurka miliyan 1 saboda iƙirarin cewa kayansa na iya sa kowane shafi ya cika ƙa'idojin WCAG. Babban haɗarinsa a wurina shi ne kwanciyar hankalin ƙarya. Mai shafi ya ga da'irar ya ɗauka ya sauke nauyi, ba zai sake tambaya ba, makauniyar ƙungiya kuwa tana nan inda take.

Hanya ta huɗu: manhajar waya

Manhajar da aka gina da kyau tana da daɗin aiki ga makaho, wani lokaci fiye da shafi. Tana iya aiki ba rezo, ta ajiye bayanai sai an samu ta tura. Tana iya jijjiga waya don sanar da kurma, tana bin girman rubutun da mutum ya zaɓa. Google ya tanadi ƙa'idoji bayyanannu, misali wurin taɓawa kada ya gaza 48 bisa 48 a ma'auninsu, kimanin faɗin kan yatsa, kuma akwai Accessibility Scanner na kyauta da ke duba fuskokin manhaja ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke amfani da abu kullum, irin aika kuɗi ko rajistar marasa lafiya a ƙauyukan Dakoro da Mayahi inda rezo ke wahala, manhaja ta cancanci kuɗinta.

Amma ita ce mafi tsada, nesa ba kusa ba. Rajistar mai ɗora manhaja a Play Store dalar Amurka 25 ce sau ɗaya, wajen jika goma sha biyar gwargwadon canji, ta Apple kuwa 99 kowace shekara. Wannan ƙaramin abu ne. Babban shi ne magini, kuma ba a sallamarsa, domin Google yana ɗaga sharuɗɗansa kusan kowace shekara, manhajar da aka bari ba sabuntawa takan daina bayyana ga masu sababbin wayoyi. Kowane sabuntawa kuma dama ce ta ɓata abin da ke aiki. Abokina malamin nan ya taɓa kirana da dare, ransa a ɓace. Wata manhaja da yake biyan kuɗi da ita ta sabunta kanta, sai maɓallan lambar sirri suka daina magana. Ya ce: "Malam, yau sai da na faɗa wa yaron maƙwabta lambata." Mutum mai iyali, mai albashinsa, an mayar da shi mai neman a rufa masa asiri a kan kuɗinsa. Wannan shi ne irin haɗarin da nake nufi, kuma ba ya fitowa a takardar farashi.

Sai batun wuri. Wayar da ta cika da hotuna da saƙonnin murya, mai ita zai goge manhajarka kafin ya goge wa'azin da yake sauraro. Ƙungiyar da ke sayar da man gyaɗa ba ta da abin da zai sa mutum ya riƙe manhajarta.

Hanya ta biyar: WhatsApp da Facebook kawai

Kada a raina wannan. A Maraɗi nan ne kasuwar take. Babban kamfanin da ya mallake su yana da ma'aikatan da aikinsu shi ne sauƙaƙa wa naƙasassu, don haka maɓallansu suna magana da TalkBack, kuma makafinmu masu babbar waya sun riga sun san hanyoyin ciki kamar yadda suka san hanyar masallacin unguwa. Ba sabon abin koyo. Kurame kuma kiran bidiyo ya buɗe musu duniya, suna maganar hannu da ƴan uwansu na Zinder da Kano. WhatsApp Business kyauta ne, yana da wurin jera kaya da suna da farashi a rubuce.

Gidan lafiya lau yake, kayan da muke zubawa ciki ne matsalar. Dubi yadda muke sanarwa: a haɗa hoto mai ado, a rubuta rana da wuri da farashi a cikin hoton, a tura. A wurin makaho galibi wannan "hoto" ne kawai. Ko kuma shugaba ya ɗauki murya ta minti bakwai ya tura, kurma ta ga alamar saƙo ba ta san ko taro aka ɗage ko rasuwa aka yi ba. Ƙa'idar da na ba Hajiya guda ce: kowace sanarwa ta fita sau biyu, a rubuce da kuma a murya, gajeru. Hoto ya zo da bayaninsa a ƙasa. A Facebook akwai wurin rubuta bayanin hoto da hannu. Tun 2016 suna da na'urar da ke ƙoƙarin yin haka da kanta, amma hasashe take yi, ba abin dogaro ba ce wajen gaya maka farashin lita. A rage jera ƴan hotunan murmushi da furanni goma a layi, domin murya sai ta karanta sunan kowanne. Haka rubutun ado mai lanƙwasa da matasa ke kwafowa, yawanci ba ya karantuwa.

Kuɗi kusan babu, sai mega da lokacin mutum. Sauƙi ya fi ko'ina. Rauninsa ƙarko da haɗari. Gidan haya ne: ana iya rufe lamba ba gargaɗi, ana iya sace waya, wanda lambar ke hannunsa yana iya barin ƙungiya ya tafi da abokan ciniki. Abin da aka sa a matsayi, wato status na WhatsApp, yana ɓacewa bayan awa 24, tsohuwar sanarwa kuma tana nutsewa cikin ɗaruruwan saƙonni, nemo ta da kunne aiki ne. Kuma komai ya rataya ga ɗabi'ar mai turawa, ranar da ya gaji ya tura hoto kaɗai, an koma gidan jiya.

Wani zai ce ina masu ƙaramar waya mai maɓallai? Gaskiya ne suna da yawa, kuma hanyoyin nan biyar ba sa kai wa yawancinsu. Lambobin nan da ake dannawa da tauraro suna da amfani ga kurma mai karatu, amma suna yankewa in an yi jinkiri, kuma sai an yi yarjejeniya da kamfanin waya. Ga ƙaramar ƙungiya, lamba guda da mutum ke ɗauka, wadda kuma ke amsa saƙon rubutu, ta wadatar. A rubuta ta a saman komai.

| Hanya | Wa take kaiwa | Kuɗin farko | Kuɗin shekara | Ƙarko | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Sabon shafi | Kowa mai babbar waya, in an haɗa rubutu da murya | Matsakaici | Kaɗan | Mai yawa | Mai saka labari ya koma ɗora hotuna |
| Gyaran tsoho | Ya danganta da tushen | Kaɗan zuwa mai yawa | Kaɗan | Matsakaici | Gyara ya fi sabo tsada |
| Faci | Bai ƙara kowa sosai ba | Kaɗan | Mai yawa, da kuɗin waje | Sai ana biya | A ɗauka an gama alhali ba a fara ba |
| Manhaja | Waɗanda suka sauke ta | Mai yawa | Mai yawa | Sai da magini a kusa | Sabuntawa ta ɓata abin da ke aiki |
| WhatsApp da Facebook | Mafi yawan mutanen gari | Babu | Mega da lokaci | Kaɗan | Rufe lamba, sakacin mai turawa |

Kuɗin da babu shi a tebur

Kowace hanya aka ɗauka, a ware wani abu don gwaji da masu abin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A nemo makaho mai aiki da TalkBack, kurma, dattijo mai raunin gani, da wani mai matsalar hannu. Samunsu ba wuya, ƙungiyoyin naƙasassu suna da rassa a gari, akwai kuma sarkin makafi da jama'arsa, ga ɗalibai a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. A ba kowa aiki takamaimai: nemo farashin lita biyar, ka yi oda, ka gano ranar taro. A zauna a yi shiru a kalla, kada a karɓi wayar a nuna masa. Inda ya tsaya, nan ne gyara yake. Kuma a biya su kuɗin aiki da na kabu-kabu, kada a ba su da sunan sadaka, ƙwarewa suka kawo wadda magini ba shi da ita. A takardar yarjejeniya da magini a rubuta WCAG 2.2 mataki AA, a kuma rubuta cewa kason ƙarshe na kuɗinsa sai bayan wannan gwaji.

Wa ya dace da wace

Mai shago ko ƙungiyar da abokan hulɗarta duk suna cikin gari da kewaye, kuɗi kuma kaɗan ne: WhatsApp Business, da lamba ta ƙungiya ba ta mutum ɗaya ba, da ƙa'idar rubutu da murya. Kada a kashe ko dala a kan wani abu sai wannan ya zauna.

Makaranta, asibiti mai zaman kansa, ƙungiyar da ke da bayanan da ake dawowa nema, kamar kuɗin rajista, ranakun ganin likita, sharuɗɗan shiga: ƙaramin sabon shafi mai fuska huɗu ko biyar, a haɗa shi da WhatsApp don tattaunawa. Wanda ke da shafi tuni ya fara da dubawa, in tushen na da kyau ya gyara, in babu ya sake.

Mai fitar da kaya waje, aya ko fata ko riɗi, da ke son masu saye a Turai su yi oda kai tsaye ta shafinsa: sabon gini bisa WCAG, kuma ya tambayi abokan hulɗarsa na can, domin dokar Tarayyar Turai kan wannan batu ta fara aiki ranar 28 ga Yuni 2025 kuma ta shafi cinikin intanet.

Mai hidimar da ake buƙata kullum, ko wadda dole ta yi aiki ba rezo, kuma yana da kuɗin riƙe magini shekara da shekaru: manhaja, da sharaɗin ba za a saki sabuntawa ba sai makaho ya gwada.

Faci kuwa ban samo wanda zan ce ya dace da shi ba.

Hajiya ta ɗauki shafi mai fuska huɗu da lambar WhatsApp ta ƙungiya. Mai riƙe lissafin ce ke rubuta sanarwa, ɗaya daga cikin matan da ba sa gani ita ke ɗaukar muryar bayan an karanta mata, kuma sai su biyun sun ce to kafin a tura.